Awarwaron Ponni

…kuma tsamiyar ta yi daidai, Inna, ko ba ki tambaya ba. Ta yi. Ba ta kai taki ba, ban ce ta kai ba — amma ta yi. Mai kwakwar ce ta ɗan yi mini ruwa… a'a, a bar ta ta huce, za ta tsane da kanta. Shinkafa kala biyar, yadda kika saba. Mai tsamiya, mai lemun tsami, mai kwakwa, mai kindirmo, mai mazarƙwaila. Tun asuba nake tsaye a kicin ɗin nan, ƙafar hagu ta fara ƙorafi, amma raina fari ne. Kin ji? Fari. Yaushe rabon da in faɗa miki haka?

Ji su can a tsakar gida. Matan layinmu kaf, har da waɗanda ban gayyata ba. Wancan sautin da ya fi na kowa tashi, dariyar Ponni ce. Autarki. Ƙanwata. Shekara talatin da biyu, kuma har yau in ta yi dariya sai ta rufe ido ruf kamar wadda ake zuba wa ruwa a ka. An zaunar da ita a kujerar Baba mai hannu, an ɗaura mata koren zanen sarin nan mai bakin zinariya, naki, wanda kika ce a ajiye… a ajiye wa wa? Ba ki taɓa faɗa ba. Na ɗauko. Furen yasmin har gadon baya. Attai Rasammal, uwar mijinta, ta shafa mata kwaɓin sandal mai ƙamshi a kumatu har ya yi yawa.

Yau ake sa mata awarwaro.

Na sani. Na san abin da za ki ce, har da yadda za ki ajiye ludayi kafin ki ce shi. Senbagam, kanki ɗaya kuwa? Bikin awarwaro na mai ciki ne, a wata na bakwai, a cika mata hannu biyu da na gilashi don ɗan da ke ciki ya riƙa jin ƙararsu, ya san ana jiransa a waje. Ina cikin? — Babu, Inna. Babu ciki. Duk macen da ke zaune a tabarmar can ta san babu. Kotu ma ta sani. Ita ce ma ta ce kada a yi cikin.

Gishiri. Na sa wa mai lemun gishiri? … Na sa.

Ke kika fara ɗora mini maganar. A gadon ɗakin tsakiya, kwanakinki na ƙarshe, hannunki a wuyan hannuna ba nauyi kamar busasshen ganye — "Kada ki bari ta yi ciki. In na tafi ki sa a ɗaure mata mahaifa, kowa ya huta." Na ce to. Me zan ce? A lokacin ko namiji babu a maganar. Ponni dai ta tafi wurin murza turaren tsinke da safe, ta dawo da yamma hannunta baƙi ƙirin yana ƙamshi, ta sha maganin farfaɗiyarta in na miƙa mata, ta kwanta. Na ɗauka tsoro ne kawai yake sa ki magana.

Ba ki ga Marudan ba. Da kin gan shi da kin… ban sani ba. Da ƙafarsa za ki fara dubawa, ko ya wanke. Benci ɗaya suke zama a wurin aikin, ita tana murzawa, shi yana ɗaurewa. Shi ma kansa ba ya ɗaukar abu da wuri, amma yana hawan keke, bai taɓa ɓata hanya ba, bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Ranar da ya zo, tun daga titi ya cire takalmi, ya riƙo su a hannu, ya tsaya a bakin ƙofa. "Malama, ina so in zauna kusa da Ponni." Na ce ai kullum kana zama kusa da ita. Ya ce, "Ana tashi da yamma." Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa 'yan mata lissafi, na auna maganar, ta fita daidai. Ana tashi da yamma. To, ƙarya ya yi?

An yi auren, a ɗakin baya suke zaune yanzu. Na sa an buɗe musu taga. Attai tana zuwa kowace rana, wai ta duba ko ana ba ɗanta abinci, ta cinye rabin nawa ta tafi. Da yamma su biyu su zauna a dakali suna ɓarar gyaɗa, ba hira, sai dai kafaɗa ta taɓa kafaɗa, ni kuma ina ciki da takardun ɗalibai. Wani lokaci in ajiye biro in saurara. Shiru ne kawai. Amma ba irin shirun da gidan nan ya yi bayan tafiyarki ba.

Da ƙwayar hana ɗaukar ciki muka fara. Likita ta ce dole ne, maganin farfaɗiyar da take sha yana lalata ɗa tun yana ciki, in kuma aka tsayar da shi farat ɗaya ita za ta faɗi. To. Ƙwaya. Ina ba ta da safe tare da ɗayan, tana karɓa, na gode Akka, na gode yayata… Wata safiya na fito zan tafi makaranta — zanen garin shinkafar da take yi a ƙofar gida, kin san ba wadda ta kai ta a layin nan, hannunta ba ya rawa in tana zane, a nan kaɗai ba ya rawa — sai na ga ɗigon tsakiya sun fi sauran fari. Na sunkuya. Ƙwayoyin ne, Inna. Ta jera su reras, kowace a tsakiyar furenta. "Sun fi kyau a nan, Akka. Ƙanana ne." Na tsaya da jaka a kafaɗa, ban san dariya zan yi ko kuka ba. Tururuwa har sun fara jan ɗaya.

Ban yi ko ɗaya ba. Na tafi makaranta. Ni ce dai.

Sai na tuna alƙawarin da na yi miki. Na ɗauki takardar da ta nuna ni ce mai riƙonta a idon hukuma, na koma wurin likitar, na ce a yi aikin a gama. Ta daɗe tana kallona ta saman tabarau. Yarinya ce fa, ƙila ma na koyar da sa'o'inta. "Malama, sa hannunki ya isa in ba ta maganin zazzaɓi. Bai isa in rufe mata hanyar haihuwa har abada ba. Babba ce. Sai abin da kotu ta ce." Babba ce. Ni da nake yanke mata farce! Na ji haushi, ba zan ɓoye miki ba. Amma na ce na gode, na naɗe takardata yadda take. Sistocin mishan da suka koyar da ni ba su bar mini wata hanyar yin fushi ba.

Ganyen ayaba, an yanko? Marudan ya yanko, ga su can jingine, har ya wanke. Tun ɗazu yake leƙowa ta tagar baya. An ce masa bikin mata ne, ya ce shi ba shiga zai yi ba, tsayuwa kawai yake.

Kotun tana birnin Madurai… zafin motar nan, Ponni ta manna fuska a gilashi tana gaishe da shanu. Na zaci babban zaure za a kai mu, mai benci da jama'a. A'a. Mai shari'ar ta sa aka kai mu ofishinta. 'Yar ƙaramar mace, furfura a goshi. Ta ga Ponni ta ɓuya a bayana saboda baƙar rigarta, sai ta cire ta rataye a bayan ƙofa. Aka kawo kofi. Akwai wata lauya da kotu ta ba Ponni, tata ita kaɗai, ba tawa ba. Tata! Ni kuma aka nuna mini kujera can gefe. "Malama, yau shiru za ki yi. Ko ta yi kuskure kada ki gyara."

Kin san nauyin wannan? Tun tana goye nake amsa mata tambaya. Me za ki ci — ni. Ina ke miki ciwo — ni. Na danne hannuwana a ƙarƙashin cinya kamar ɗalibar da aka kama da surutu.

"Ponni, kin san yadda mace take samun ciki?" in ji mai shari'ar.

"Marudan ya ce ba a faɗa. Abin kunya ne."

Lauyar ta toshe baki da gefen sari.

"To, in jariri ya yi ta kuka ya ƙi yin shiru, me za ki yi?"

"In kira Akka."

"In Akka ba ta nan fa?"

Ta juyo ta dube ni. Ta sake duban mai shari'a, kamar matar ta faɗi wani shirme. "Ina za ta je?"

Ina zan je… Shekarata hamsin da ɗaya, Inna. Hawan jini. Ƙafar nan. Ina zan je. Ke ina kika je?

A'a. Ba yau ba. Yau ranar farin ciki ce. Kindirmon ya yi tsami daidai, bari in watsa masa 'ya'yan rumman, ja a kan fari, Ponni tana so.

An daɗe ana tambayarta. An yi mata bayanin maganin, da abin da zai yi wa ɗa, an sake yi, an nuna mata hoto, ta ce jaririn hoton ba shi da riga, zai ji sanyi. Aka ce ta maimaita abin da aka gaya mata, ta maimaita rabin farko, rabin ƙarshe ya zube. Ba wanda ya gaggauta ta. Can ƙarshe mai shari'ar ta ture kofinta gefe, ta matso da kujera.

"Kina so ki haihu?"

"Ina so a sa mini awarwaro. Kamar Tamarai."

Nan take na gane. Tamarai 'yar Kawu, bikinta na wata bakwai, kina da rai ma a lokacin. Mata sun yi layi, kowace ta ɗauki awarwaro ta zura mata, ta shafa mata kurkum, ta watsa mata shinkafa a ka. Mu biyu, ni da Ponni, muna tsaye a ƙofar kicin. Ita ba aure, kuma an ce kada ta matso, za ta fasa. Ni kuma… ni nawa an riga an fasa mini, ranar da aka fitar da gawar maigidana, a bakin rijiya, matan nan dai su suka riƙe mini hannu. Hannun wadda mijinta ya mutu ba ya taɓa mai ciki a irin ranar nan. Ba wanda ya ce mini kada. Ba a faɗa. Kawai sai ki ga an ba ki aikin rabon shinkafa. Ban damu ba — na yi karatu, na san ba komai ba ne — na dai tsaya inda aka saba tsayawa. Ponni kuwa ta kama gefen sarina tana kallo baki buɗe, duk awarwaron da ya shiga sai ta kaɗa nata hannun, wanda ba komai a jiki.

Nawa cikin bai kai wata bakwai ba. Kin sani. Ba ma wannan maganar.

Da aka ba ni izinin buɗe baki na yi bayani, a tsare, ɗaya bayan ɗaya. Bikin take so, ranki ya daɗe. Kujerar, da furen, da a ce yau ranarta ce. Ba ɗan ba. Matar ta rubuta. Ta ɗago ta dube ni. "Ƙila," ta ce. Shi ke nan. Ƙila. Na ga kamar rowar magana ce irin ta alƙalai.

Da muka koma karɓar hukunci na karanta shi kamar takardar jarrabawa, da jan biro a hannu, ban sami abin gyarawa ba. Wai Ponni, a yanzu, ba za ta iya auna maganar ciki da hatsarinsa da kanta ba, saboda haka kotu za ta yanke mata. Wai ciki tare da wannan maganin zai cutar da ita da ɗan. Amma ɗaure mahaifa, a'a. Ba a yi wa mutum abin da ba ya warwaruwa muddin akwai mai sauƙi da zai wadatar. A sa mata ashanar nan ta ƙarƙashin fata, a dantse, mai shekara uku. Kafin nan likitoci su gwada sauya mata magani sannu-sannu, ko za a dace da wanda ba ya taɓa ɗa. A sami mai koya mata da hotuna, ba gaggawa. In wa'adin ya cika a dawo, ni in faɗi abin da na lura, ita kuma a sake tambayarta. Ita. An ja layi a ƙarƙashin kalmar — a'a, ni na ja.

Matar da kanta ta gaya wa Ponni. Ta riƙe mata hannu. "Ke da mijinki za ku jira shekara uku, kin ji? Sai ki dawo mu sake shan kofi." Ponni ta ce to, amma na ranar nan ba suga.

Na saɓa miki, Inna? Ai na nema, hana ni aka yi. Amma bari in gaya miki abin da ban gaya wa kowa ba: a motar dawowa barci na yi. Ni! A mota! Ƙila ma baki buɗe. Tun ranar da na ce miki to nake ɗauke da abin nan a ka, sai ga wata ta sa hannu ta kama mini gefe ɗaya. Ba ni kaɗai na yanke ba. Ba ni kaɗai ba… kin san daɗin wannan? Ke ba ki taɓa samu ba. Ke kaɗai kika yi ta yankewa tun ranar da aka gaya miki yadda yarinyar take, shi ya sa kika zaɓi abin da ba sai an sake tunaninsa ba. Ban ga laifinki ba. Gajiya ce.

Sa ashanar bai ɗauki komai ba. Marudan ne ya yi kuka, ba ita ba. Yanzu duk wanda ya shigo sai ta ɗaga hannun riga, taɓa ka ji. Har mai kawo madara. Na hana. Mai koyarwar tana zuwa ranar Asabar da 'yar tsanarta ta ƙyalle, su shige ɗaki, ni a bar ni a waje… ina sabawa. Sabon maganin ma ya karɓe ta zuwa yanzu, an rage tsohon kaɗan, ba ta faɗi ba. Komai yana tafiya a kan layi. Ina son abu a kan layi, kin san ni.

Awarwaron ne kawai ya tsaya mini a rai. Abu kaɗan fa. Kotu ta yi nata, likita ta yi nata, abin da yarinyar ta buɗe baki ta roƙa da kanta kuwa ba wanda ya sa shi a hukunci. Na je na sami Attai tana tsintar shinkafa. "Biki ba ciki? Senbagam, boko ya gama da ke. Gobe kuma sai ki tara mu suna, mu raɗa wa matashin kai!" Na ce ai ba laifi ba ne, Attai. "Wa ya ce laifi? Abin dariya dai. Layin nan sai sun shekara suna cin namanmu." Na gyara zama. Ta ci gaba da tsinta. Can, ba ta ko ɗago ba, "Kore za ki sayo da ja. Kada ki kwaso mana wata kalar 'yan makaranta. Kuma shinkafa biyar, ba uku ba, ɗana ba maraya ba ne." Washegari ita ta bi gida-gida. Ban san me ta gaya musu ba. Na dai ga sun zo, kowace da ayabarta, ba wadda ta yi mini kallon banza… to, ɗaya ta yi, amma ita haka idonta yake.

Ita ma tana so, na sani. Jika. Ɗa ɗaya gare ta. Ba ta taɓa faɗa ba, sai dai in ta ɗauki jaririn wasu ta cika yi masa faɗa.

An fara. Ji. Na farko na tsinken darbejiya ne, Attai ta murɗa shi da hannunta, ba ya ƙara. Ga na gilashi nan… kacau. Wani. Kacau. Sun ɗauki waƙar, wadda kike yi da hanci in kina niƙa, sun ci rabin baitin amma ba komai. Ina leƙe daga ƙofar kicin. Wurina. Gaskiya ina jin daɗin wurin nan, ana ganin kowa, ba a ganin mutum. Mai idon nan ce take cewa, "Ponni, mace za a samu ko namiji?" Attai ko juyowa ba ta yi ba — "Rufe mana baki, ke da kika haifi biyar ba wanda ya ɗauko hancin ubansa!" Dariya har da masu buga cinya. Ita ma mai idon tana yi. Ponni ba ta san abin da ake wa dariya ba, ta fi kowa.

Dubi fuskarta, Inna. Dube ta. Ba a ƙwace mata komai ba, abin da nake so ki gani ke nan. Abin da nake so in gani ke nan. Awarwaro take so, ga shi ana ba ta, har gwiwar hannu. An kare ta, ba a yanka ta ba, kuma ta sami abin da ta roƙa. Lissafin ya fita ba saura. Sau nawa lissafi yake fita haka a gidan nan?

"Senbagam! Ina Malamar? Fito, saura ke!"

Ni? A'a… Attai, kin san ba na sawa. Da ido nake gaya mata, da ludayi a hannu, ga aikina, ga shinkafa.

"Ajiye mana ludayin nan! Wa za ki cutar? Akwai wani a ciki ne? Fito!"

Suna dariya, suna matsawa, tabarma ta buɗe mini hanya. Kuma fa ta yi gaskiya. In saboda ɗan ne ake tsoron hannuna, ɗan kuma babu, to… hujjar ta tsaya. Ko a allo zan ba ta maki cikakke. Ina goge hannu a gefen sari. Ƙafar tana ja. Tsakar gidan nan ashe tana da faɗi haka? Marudan yana taga, haƙora duk a waje. Wata ta miƙo mini faranti, ja da kore, ba ta kau da kai ba. Hannun da ya riƙe nawa a bakin rijiya ne, na gane zoben. Ba komai. Ba komai, yau ba komai.

In durƙusa. A hankali, gwiwar dama tukun.

Hannunta da ɗumi, yana santsin man kwakwa. Ja, kore, ja, kore. Can sama, inda hannun riga ya ƙare, ɗan tabon nan kamar cizon sauro. Kore zan ɗauka. Yatsuna sun manta… a'a, ba su manta ba. A haɗe yatsu, a danna babban cikin tafi, a murza sannu a kan ƙashi. Yaushe rabon da in taɓa gilashin nan? Sanyi gare shi. Ashe sanyi gare shi.

Tana sunkuyowa, yasmin ɗinta a hancina. Murya ƙasa-ƙasa, irin wadda take yi in za ta gaya mini inda ta ɓoye alewa.

"A hankali, Akka. Yana ji."

Wa?

Ban san ko na faɗa da baki ba. Ta ɗora ɗaya hannun a cikinta, shafaffen cikinta, ta kaɗa. Kacau.

"Shi mana. Matar kofi ta ce ya jira shekara uku. Kullum zan kaɗa masa, kada ya gaji ya tafi gidan wasu." Tana kallon abin da ke hannuna. "Na gaya masa koren naki ne."

Ba wanda ya ji. Suna waƙa. Attai tana faɗa da wata a kan kurkum.

Ta riƙe, Inna. Abin da na zaci shi ma ya zube… shekara uku, jira, dawowa — ta riƙe shi tsaf, ta kai shi ɗakin baya ta ajiye. Ni na ce bikin take so. Da bakina, a tsare, ɗaya bayan ɗaya. Ƙila, matar ta ce. Ƙila…

Za mu koma. Za a nuna mini kujerar gefe, a ce Malama me kika lura. Ban taɓa yi wa hukuma ƙarya ba, ko a kan makarar zuwa aiki. In na faɗa? In maganin ya gama sauyuwa, in likita ta ce hatsarin ya ragu, in ta amsa tambayoyin — tana koyo fa, shekaranjiya ta nuna mini a jikin 'yar tsana inda ɗa yake kwanciya — to sai me? In kira Akka. Lokacin ina da hamsin da huɗu. Ina za ta je. In kuma na yi shiru… kowace safiya, ta bangon ɗakin baya, kacau, kacau, ana kiran wanda ba a bari ya zo ba. Kada ki bari, kika ce. Ke ba ki ji wannan ƙarar ba.

Kuma don babu kowa a ciki na fito. Hannuna ne a kai yanzu. In akwai — babu. Na san babu. Na yi karatu.

Awarwaron ya tsaya a ƙashin yatsu, bai shiga ba, bai fita ba. In na ja baya zai fashe. In na tura da ƙarfi zai fashe. "Senbagam, shinkafa tana hucewa, ko sai mun kawo miki alli?" Ponni ta matse hannunta da kanta — wa ya koya mata? — ya zame, ya gangara ya tarar da 'yan'uwansa.

Kacau.

In tashi… ƙafar ta ƙi. Bari in ɗan huta a nan, kaɗan kawai. Ta rufe ido ruf tana dariya, tana kaɗawa, tana kaɗawa, ni kuma ga ni a durƙushe, kaina a karkace, kunnena wajen cikinta, Inna — me nake saurare?